Gadon Hayaƙi

Kakana Barau majemi ne a bakin Jakara.
Bagaruwa ce maganinsa, da toka, da kashin tantabara.
In ya wanke fata ya zubar da ruwan jima,
ƙasa ta sha, ta yi gyatsa, ba ta riƙe shi a rai ba.
Ya ce a zamaninsa, nan ƙasan Dala,
yaro kan tsoma ƙwarya ya ɗago tarwaɗa,
mata na wanke yakuwa a inda yau
ko akuya ta sansana sai ta juya.

Wari akwai, ba zan yi wa jiya ƙarya ba.
Majema ba ta taɓa ƙamshin turare ba.
Amma warin da kaka ya sani
wari ne mai mutuwa.

Sai babana Tanimu ya sami aiki a Bompai.
Albashi, sabon keke,
takalmin roba har gwiwa.
Ya bar bagaruwa ya kama wani gari marar suna a bakinmu,
mai zuwa cikin duro da hoton ƙoƙon kai.
Yau kwata ta fito shuɗiya, gobe ja,
jibi launin da marinan Ƙofar Mata ba su taɓa haɗawa ba.
Ta gangara Getsi, ta gaisa da Jakara,
su tafi tare shayar da latas da kabeji,
mu saya da safe, mu yaba kyan ganye.
Shekara goma sha tara ya yi.
Abin da ya fito da shi:
agogon bango,
tafin hannu mai saɓa kamar maciji,
da tarin da ya raka shi har Dandolo.

Ni Adaidaita nake ja.
Ƙofar Ruwa zuwa Bata, Bata zuwa Kurna.
Mu dubu nawa ne? Bar lissafi.
A danja nakan ga numfashinmu
shimfiɗe bisa gari kamar bargon da ba a wankewa.
In na fyace hanci da dare, baƙi.
In aka ɗauke wuta unguwa ta ɗauki gurnani,
kowane shago da janaretansa,
maƙwabci na gasa wa maƙwabci huhu
suna gaisawa, ina gajiya.

Kurna, Giginyu, Ɗorayi, Durumin Iya:
sunayen sun riƙe itatuwan,
je ka nemo inuwar.
Bazara ta yi tsawo, kwano na dafa mai barci.
Kududdufin bayan gidanmu an ciyar da shi bola
har ya ƙoshi, aka ɗora masa shaguna.
Damina ta makara bana,
da ta zo ta zo da fushin wanda aka cinye wa gado.
Ta tarar da kwalbati leda ta shaƙe shi,
ruwa ya rasa ɗakinsa, ya shigo namu,
ya kwana kan katifa, ya tafi da katanga.

Rufaida shekararta huɗu.
Ƙirjinta na kuka kamar ɗan kyanwa a kwali.
Likita a Asibitin Murtala ta ce,
"A nisanta ta da hayaƙi."
Na ce to.
Ban gaya mata kuɗin maganin
daga bakin salansa ya fito ba.

Jiya na ɗauko ta, muka bi ta kan Jakara.
Na ce, nan kakan babanki ya yi jima,
nan ake kama kifi da ƙwarya.
Ta leƙa ta ga siminti, ta ga baƙin ruwa na jan robobi.
Ta ce, "Baba, ina kogin?"

Cunkoso ya tsaya.
Na kashe inji.
Na baya suna ta ham,
ni ina sauraron numfashinta.