Shaida ta Huɗu a Kotun Bhola

Suka ɗora hannuna a kan Littafi,
suka ce: Shefali, faɗi abin da idonki ya gani,
kar ki ƙara, kar ki rage.
Fankar kotu na juyawa kamar mai gyangyaɗi.
Na ce to.

Daren da kogin Meghna ya haɗiye gonakin shinkafa
mu sha ɗaya ne cikin kwalekwalen mutum shida.
Saura yatsa biyu ruwa ya sha bakinsa.
'Yata Tuni na ɗaure a ƙirjina da gefen sari,
wata tsohuwa na kwarfar ruwa da tukunyar girki,
Mofizul na riƙe da filafili,
jijiyoyin wuyansa sun miƙe kamar igiyar anga.

Sai hannu ya fito daga duhu.
Ɗaya, sannan na biyu.
Jobbar ne, mai gishiri a kasuwar Laraba,
wanda ke yi mini gyara ko rabin kwano na saya.
Ya damƙi gefen jirgin, jirgin ya karkata,
ruwa ya kwararo kan cinyata da sanyin wuƙa.

Mofizul ya ce: saki, don girman Allah saki.
Sau uku ya faɗa. Na ƙirga.
Amma wanda ruwa ya ci
ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.
Filafili ya sauka kan yatsun.
Sau biyu. Wannan ma na ƙirga.

Lauyan gwamnati ya gyara baƙar rigarsa.
Kin ga ya buga? Na gani.
Mamacin ya yi masa barazana? A'a, rai kawai yake so.
Ya juya ga alƙali ya ce:
in kowa zai ɗora ran maƙwabci a sikelinsa
ya yanke hukunci shi kaɗai cikin dare,
wa zai sake yarda ya miƙa hannu?
Lauyan Mofizul ya ɗaga yatsu, ba su isa ba, ya ƙara ɗaya:
sha ɗaya, ranka ya daɗe, sun rinjayi ɗaya.

Anowara na benci na biyu cikin farin zanen takaba.
Ba ta yi makaranta ba, amma na ga lissafinta a fuskarta:
ɗayan nan shi ne duk ƙidayar da take da ita.

Akwai tambayar da ba wanda ya yi mini.
Na jira ta har harshena ya bushe.
Ke fa, me kika ce lokacin da filafilin ke sama?
Bakina bai ce komai ba.
Cikina ya ce: buga.
Ciki sha ɗaya suka faɗa tare,
hannu guda ya ɗauka ya aikata,
kuma shi kaɗai aka kawo da ankwa.
Doka hannu take kamawa,
ba ta da sammacin da ke shiga zuciya.

Mofizul bai dube ni ba.
Tun daren nan, in ji matarsa, da hagu yake cin shinkafa.

Alƙali ya cire tabarau ya murza ido,
ya daɗe yana kallon shafi ɗaya,
sannan ya ɗage zama sai bayan damina.
Ban yi masa hassadar kujerarsa ba.

Ran Laraba gishirinmu ya ƙare.
Anowara ce yanzu a rumfar.
Na so in wuce, ƙafata ta ƙi.
Ta auna rabin kwano, ta share samansa da yatsa,
daidai, ba gyara.
Ta dubi Tuni da ke tsotsar rake a bayana.
Ta ce: haƙoranta sun fito.
Na ce: huɗu.
Ta ƙulle ledar, ta miƙo mini canjina cif,
ta kira na bayana.