A-kori-kura a Asubar Lahadi

Tun ladan bai gyara murya ba
na fito, tocila a baki, hannaye a hammata.
Sanyin bana ba ya sallama,
ta ƙarƙashin ƙofa yake shiga, ya kwana a ƙashi.
Ruwan buta ya zama wuƙa.
Kwando ashirin da bakwai na tumatirin mutane
na ɗaure tun daren jiya,
kasuwar Gujungu kuwa ba ta jiran mai nawa.

Na murɗa makulli.
Ta ce ƙas.
Na sake.
Ta yi gurnanin tsohon da aka tasa bai ƙoshi da barci ba,
ta yi tsit.

Maigidana Barau, Allah ya jiƙansa, yakan ce:
kada ka ɗauki sifana sai ka saurara.
Mota ba ta ƙarya,
mu ne ba ma jin yarenta.
In ta ce ƙas, tambayi batir.
In ta juya ba ta kama ba, ko wuta ko mai.

Na ɗaga bonet, ƙarfen ya ciji yatsuna.
Kan batir ya yi furfura, fari fat kamar kanwa.
Tabawa mai koko ta ɗebo mini ruwan zafi a moɗa,
ta ce, "Ita ma sai ta karya kumallo?"
Na zuba, na kankare da bakin wuƙa, na ɗaure tam.
Yanzu tana juyawa, tana juyawa,
kamawar ce dai babu.

Baƙin mai ya yi kauri kamar man shanu a ƙwarya.
Na kwance filogi huɗu,
na jera su a garwashin Tabawa kamar mai gasa dankali,
na mayar da su ina yarfe hannu.
Na tsiyaya fetur cikin murfin kwalba
a maƙogwaron kafireta.
Ta yi tari ɗaya. Ɗaya tak.

Aka fito daga masallaci,
kowa da bargonsa, kowa da shawararsa.
Hakilu ya ce turi ne maganinta.
Ƙarti shida suka dafa, numfashinsu na hayaƙi,
na sa giya ta biyu, na saki kuloci,
ta yi tutsu kamar jaki, ta tsaya.
Muka sake. Muka sake.
Har gindin tsamiyar bakin fadama.
Cindo, mai kwando goma sha ɗaya,
ya soma lissafin asara da yatsun da ba sa lanƙwasuwa.

Jikan Tabawa ne ke riƙe mini tocila,
ɗan abin da bai kai tsayin taya biyu ba, majina har leɓe.
Ya ce, "Baba Nomau, wa ya ci gyaɗa a nan?"

Na leƙa.
Can bayan inji, inda ɗumi ke kaiwa tsakar dare,
ɓawon gyaɗa, tsumma, audugar kujerata,
ɗaki sosai, har da shimfiɗa.
Wayar koyil kuma an gutsure ta biyu,
ga shatin haƙora ƙanana.

Na fere da haƙorina, na murɗe bakin da baki,
na naɗe da tsinken robar tayar keke.
Bismillahi.
Ta kama!
Salansa ta tofar da farin hayaƙi,
kwanduna suka hau rawa, Cindo ya daina lissafi.

A hanya na so in zagi ɓeran, bakina ya ƙi.
Abin da ya koro ni cikin bargo
shi ya koro shi cikin inji.
Barau bai koya mini wannan ba.

Mun isa rana ta take, farashi ya sauka,
Cindo bai ce mini uffan ba har muka dawo.
Daren yau na lulluɓe bonet da tsohon bargona,
na aro kyanwar Tabawa,
tana can ta naɗe a kujerar direba.