Fom a Cikin Littafin Adashi

Daminar bara kwatar Ƙofar Marusa ta yi fushi,
ta shigo mana zaure ba sallama,
ta ɗauke takalman yara, ta ɗauke murhun Lantana,
ta bar mana ledoji da warin da ba ya jin turare.
Maza suka taru gindin dalbejiya, aka rubuta takarda.
Takarda ta tafi sakatariya, ta yi aure can.

Sai ga Hansatu, kansilarmu,
takalmin roba har gwiwa, mayafi ɗaure a ƙugu,
ta amshi shebur a hannun wani saurayi.
Ba ta yi jawabi ba, kunya ce ta yi jawabin.
Kafin la'asar samari sha ɗaya na cikin kwata.

Ita ta bi taransifoma wata bakwai
kamar mai bin bashin gado,
har 'yan ofishin wuta suka gane ƙarar takunta.
Ita ta sa ƙofa a bayan gidan 'yan mata na firamare,
ƙofa kawai, ta langa-langa, da sakata,
yara tara suka koma aji.
Wa ya san rashin ƙofa na hana karatu?
Sai wadda ta taɓa tsayawa tana kare ƙawarta da zane.

Ba waliyyiya ba ce.
Kwalbatin layinmu har yau rabi ne.
Na faɗa mata a bainar jama'a,
ta ce, "Gaskiyarki, Tasalla," ba ta kuma ce komai ba.

Ran Laraba ta same ni ina lissafin zubi,
ta kife turmi ta zauna.
"Shekara nawa kina riƙe da wannan littafi?"
Sha tara.
"Mata nawa?"
Sittin da biyu.
"Sisi ya taɓa ɓacewa?"
Na harare ta. Ta yi dariya har ɗankwali ya zame.

Ta ce, "Duk zauren majalisa ni kaɗai ke ɗaura wannan.
In na ce ɗakin haihuwa ba fitila,
sai a ce an ji, Hajiya, a koma batun fentin ofis.
Murya ɗaya tari ce, biyu ne magana.
Wa'adina ya kusa, kujerar gaba zan nema,
wannan kuwa ba na so ta huce.
Na je Rafindadi, na je Ƙofar Sauri,
can ma akwai irinku, suna ɓoye bayan tukunya."

Na ce siyasa kasuwar zagi ce.
Ta ce, "An zagi kakata da ko ni ban san ta ba.
Dube ni. Har ƙiba na yi."
Na ce Turancina ya yi tsatsa tun sakandare.
Ta ce, "Kwata ba ta jin Turanci."
Ta soka fom tsakanin shafin Kande da na Bintalo,
ta sha ruwan randa, ta fita.

Kwana uku ina buɗe littafi ina tsallake shafin.
Malam Sada yana bisa kekensa, zare a baki,
bai ko ɗago kai ba ya ce,
"Wadda ke amso zubi a hannun Kande ran da ta ce babu,
gwamnati ba za ta gagare ta ba."

Ban ce eh ba. Ban ce a'a ba.
Amma ɗazu na aiki ɗiyata ta tambayo
nawa ake ɗaukar hoton fasfo,
kuma na ciro mayafin nan ruwan ƙwai
daga ƙasan akwati
na shanya, ya sha iska.