Inuwa a Naɗe

Na saye ta hannun wani mai haƙar rijiyoyi
da aikinsa ya ƙare, zai koma Yamai.
Mota ce mai ɗaki: gado ɗaya, murhun gas,
sai wata rumfa naɗe a kafaɗarta ta dama
kamar tabarmar da aka jingine bayan la'asar.

Ka danna maɓalli, ta yi gurnani ƙasa-ƙasa,
ta miƙa hannuwan ƙarfe biyu,
irin miƙar wanda barci ya ishe shi.
Taku biyar na inuwa
a filin da ko aduwa ta ƙi tsirowa.
Yaran Wadata suka taru,
a sake, a sake,
har batir ya fara haki.

Arzika makaniki, can bayan tashar Tawa,
ya zagaya ta sau biyu, asuwaki a baki.
Ya ce, Malam Nomau, ka iya karatu, to ji nawa.
Kar ka naɗe ta a jiƙe, ko gobara ke bin ka,
kwana uku za ta yi warin tsohuwar salka.
Ruwa da sabulu, soso mai laushi.
Giris kuwa bar shi a gwangwaninsa:
shi ke kiran yashi,
yashi ke cin haƙoran inji.
In sama ta sauko, sunkuyar da kusurwa ɗaya,
ruwa ya samu hanya,
in ba haka ba za ta ɗauki cikin da ba ta iya haifewa.

Iska fa? na ce.
Ya tofar da asuwaki.
Iska ba a shawara da ita. Naɗe.

Ya miƙo mini wani lanƙwasasshen ƙarfe
mai kama da ƙugiyar fidda guga.
Na ranar da kuran ya ƙi, in ji shi.
Na jefa shi ƙarƙashin gado, na manta.

Tsakiyar damina muka sauka bakin tabkin Tabalak.
Bibata na suyar karfasa,
ni ina kan shayi na biyu,
balbelu sun jeru a ruwa kamar wanki.
Shekara talatin ina yi mata alkawarin wannan zama,
alli da allon lakol suna cinye alkawarin.

Sai gabas ta ɓata rai.
Ƙamshin ƙasa ya riga iskar isowa.
Na tashi da isa irin ta mai maɓalli,
na danna.
Shiru.
Na danna da babban yatsa, na danna da salati.
Ashe firji ta shanye batir tun azahar.

Rumfa ta fara fuka-fuki,
mota na rangaji, kofuna na gudu.
Bibata ba ta ce uffan ba,
ta shige ƙarƙashin gado da rarrafe,
ta fito da ƙugiya a hannu,
da warin takalmina da ya ɓata tun bara.

Ta rataya da hannun ƙarfen da dukan nauyinta,
kallabinta ya tafi Abalak.
Ni ina juyawa, kafaɗa na ƙara,
tana ƙirgawa da ƙarfi kamar 'yan ajina:
talatin da takwas, talatin da tara.
A arba'in da bakwai rumfa ta ce ƙwas,
ɗigon farko ya faɗo mini a ƙeya.

Kifin ya sha yashi.
Muka ci abinmu a ciki, ƙasa-ƙasa a haƙori,
rufin kwano na kiɗa, ita tana dariya.

Da safe a Tawa na shimfiɗa ta ta sha rana.
Ɗinki ya farke kamu ɗaya, wajen kusurwar hagu.
Arzika ya duba, ya dube ni,
ya ce jaka biyu, har da kuɗin rashin ji.

Yanzu ƙugiyar na rataye bakin ƙofa,
kusa da carbi.
Duk Asabar ina wanke rumfa, in bar ta ta bushe,
kafin in ɗauko kujera
tunkiyar maƙwabci ta riga ni shiga inuwar.