Autan Baki

Su suka zo ƙarshe, suka tarar ɗaki ya cika.
Ashirin da takwas sun riga sun shimfiɗa tabarma,
sai suka kwanta a karkace can ƙuryar muƙamuƙi,
kowanne ya jingina kai da turmin da ke gabansa.

Ina da shekara sha tara lokacin.
Likita Frimpomaa ta ɗaga hoton ƙashi ga hasken taga,
ta ce, "Ga su nan a ƙasa, dama da hagu.
Ba su fito ba, ba su kuma fasa ba.
Haƙorin hankali ba ya son gaggawa. Ka dawo baɗi."

Ai na san wannan kwanciya.
A ɗakinmu na Aboabo mu shida ne,
ni ne mai kwana a gicciye wajen ƙafafu,
dunduniyar Gariba a haƙarƙarina har asuba.

Ban dawo baɗi ba.
Suame ta cinye ni: baƙin mai, sifana,
cikin motocin da suka gaji da hanyar Tamale.
In dasashi ya kumbura sai in danna kanumfari,
in tauna wake da shinkafa da gefe guda,
Mumuni na dariya wai ina ci kamar akuya.

Shekara huɗu, sannan na koma.
Ta jera hoto biyu, tsoho da sabo.
Na dama ya ɗago.
Ba wanda ya ji motsinsa, ko ni mai bakin,
amma ga shi ya miƙe, saura ƙiris ya tsaya,
kamar mai gyara zama a torotoro
in na kusa da shi ya sauka a Kejetia.

Na hagu kuwa ya ƙara kifewa.
Ya tura goshi cikin maƙwabcinsa har ya fara cin sa.
"Wannan," in ji ta, "ba zai koyi tsayuwa ba."

Ranar Talata aka fitar da shi gida uku.
Na karɓo shi a ƙullin auduga.

Yanzu Gariba na Takoradi, Mumuni ya yi aure.
Tabarma ta zama tawa ni kaɗai,
amma wani dare sai in farka
in tarar na koma gicciye wajen ƙafafu,
harshena na lalube a ramin hagu.