Bututun da Ke Azumi

A Zango, bayan tashar mota, akwai bene mai hawa biyar.
Cikin bangonsa akwai maƙogwaron ƙarfe
da ba ya kurɓar ruwa sai sau ɗaya a shekara.
Ni ne mai kai masa buɗa-baki.

Lawali ɗan Barmu nake, mai aikin famfo.
Na iso kafin duwatsun Damagaram su ɗau zafi,
na iske Kiyari mai shayi ya girke teburinsa
daidai bakin jan akwatin.
Na ce, gusa.
Ya ce, wata shida ban ga mai buɗe shi ba.
Na ce, roƙi Allah kada ka gani.
Ya ja tebur yana gunaguni,
ya miƙo mini kofi duk da haka.

Hawa na ɗaya, lafiya lau.
Na biyu, zanzaro ya yi ginin laka a bakin mafita,
na ba shi haƙuri da tsinken waya.
Na uku, murfin tagulla ya yi ƙafa;
wa ya sani, ko yanzu awarwaro ne
a hannun wata, can Kasuwar Dole.
Na huɗu, mamurɗi ya cije, sai da ya sha mai.
Na biyar, daga ni sai hakina.

Da hantsi motar pompiye ta tsaya.
Saje Mati ya ɗaura mesa, ya ɗaga mini yatsa.
Na kanga kunne a bango:
ruwa na hawa, hawa bayan hawa,
iska na tserewa ta sama da huci
kamar tsoho ya sauke kaya.
Allura ta miƙe, ta tsaya inda ake so.

Sai jira.
Minti goma sha biyar ba komai ba ne
sai ga mai kallon allura.

A minti na bakwai ta sunkuyar da kai.
Kaɗan. Kaurin farce.
Mati ya dube ni, ban dube shi ba,
na riga na kama matakala.
A hawa na uku na same shi:
ɗigo, ɗigo, siririn gumi a wuyan ƙarfe.
Robar ciki ta bushe ta tsage kamar ganda,
robar da ba ta wuce dala arba'in ba,
ita ce tsakanin wuta da mutum sittin.

Na canza ta. Muka sake daga farko.
Wannan karon allura ta kafe
kamar mai bin bashi a ƙofar gida.

Alhaji Nomau ya sauko da carbinsa:
shekara tara ina biyan ku,
ko hayaƙin ashana ban gani ba.
Na ce, Alhaji, ba a fafe gora ranar tafiya.
Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya ba ni.

Saura zubarwa, kuma nan ne nake jin kunya.
A garin da ake kwana a layin famfo
wa zai tsiyaye ruwa a ƙasa?
Tun kafin in taɓa makunnin ƙasa
Tabawa da 'ya'yanta sun jera jarkoki.
Na ce, da tsatsa, ba na sha ba ne.
Ta ce, wanki bai san tsatsa ba,
ragowar kuma bedi na so.

Na rubuta rana da wata a littafi, na sa hannu,
na ɗaure sabon murfi da sarƙa, na kulle akwati.
Ya koma azuminsa, wofi, cikin duhu.

Can sama wata yarinya na buga takardu,
fanka na juyi bisa kanta.
Ba ta san sunana ba, ba ta san da shi ba.
Allah ya sa ta tsufa a haka.

Kiyari har ya fara mayar da tebur.