Ɗaya Cikin Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Nikosiya,
ɗaki na shida, fanka ta gaji da juyi.
Littafi a cinyata, jarrabawa jibi,
ga leda a rataye tana ɗiga,
ɗis, ɗis, cikin hannun Neofitos: jini.

Malama Andurulla ta zana mana ƙwayar halitta a allo,
ta ce, "Ku ɗauke ta kamar gida.
Akwai murhu inda ake ƙona sukari,
akwai ɗaki a tsakiya mai kulle
inda wasiyyar kakanni take a naɗe.
Katangar kuwa ba ta kai ɓawon albasa ba,
ita ake ce wa tantani."

Na haddace: in iska ta yanke, murhu ya mutu.
In murhu ya mutu, mai gadin ƙofa ya gyangyaɗa,
gishiri ya kutsa, ruwa ya bi sawunsa,
ƙwaya ta kumbura kamar kullun da ya kwana.
In ɗauki ya zo da wuri, ta sacce, ta rayu.
In an makara, katanga ta fashe,
kayan ciki su watse, maƙwabta su ɗauki zafi.
Akwai kuma mai naɗe tabarmarta da kanta,
ta tafi shiru, ba ta tashi kowa ba.
Wannan na ja wa layi biyu,
ban san me ya taɓa ni ba a bayanin,
na dai tsaya ina tunani.

"Me kike karantawa?" in ji Neofitos.
Mai gyaran agogo ne, shekara arba'in da uku,
tun yana wata takwas ake masa ƙari,
duk mako uku, ko ranar idi ce.
Na nuna masa shafin. Ya yi dariya:
"Ashe ni kike karantawa.
Rufe littafin, ga talasimiya a gabanki,
tambayi abin da kike son sani.

"Iyayena sun haɗu wajen tsinkar inabi a Limasol,
lafiyarsu lau, kamar doki.
Kuskuren harafi guda, ita da shi kowa da nasa,
sai a kaina suka gamu.
Ɓargona na aiki ba dare ba rana,
amma jajayen ƙwayoyin tun a ciki suke mutuwa,
kamar burodi ya ƙone bai bar tanda ba.
Jinin aro na raya ni, yana kuma bar min ƙarfe,
jiki ba shi da ƙofar fitar da shi,
sai ya kwanta a hanta, ya kwanta a zuciya,
tsatsa, yarinya, irin ta cikin agogo.
Kullum da safe ina kankare ta da magani."

Ban gaya masa akwai ambulan a aljihuna ba.
Coci ba ta ɗaura aure sai da takardar gwaji,
tawa ta fito ran Litinin: ina ɗauke da harafin.
Kiriyakos ya ba da nasa jinin ran Talata,
ya fito yana danne auduga, yana min barkwanci.
In shi ma haka ne, ɗaya cikin huɗu,
kowane ciki da sabon lissafinsa,
na farko ba ya biya wa na biyu.
Na iya zana akwatin nan mai gida huɗu ido a rufe,
ban taɓa zaton zan leƙa ciki ba
in tarar da ni.

Leda ta ƙare. Na rufe bututu,
na auna zafinsa, na ƙirga bugun wuyan hannu,
saba'in da takwas. Na rubuta.
Leɓensa ya yi ja, ya nemi shayi,
ya ce agogona na baya da minti uku,
in kawo shago ran Asabar, kyauta.
Gari ya fara haske ta bayan bishiyar lemo.
Waya na aljihu tare da ambulan,
ta yi motsi sau ɗaya.
Sai na miƙa aiki tukun zan buɗe in gani.